Yadda Nake Rainon Ƙwayoyin Shimfiɗar Ɓargon Yaron da Jininsa Ya Ƙi Zama

Abin da yake isowa hannuna bai cika wuce mililita 2 ba, ko rabin ƙaramin cokalin shayi bai kai ba. Ragowar ɓargon da likita ya zuƙo daga ƙashin ƙugun yaro ke nan, bayan an shafa na shafawa a kan gilashi, an ware na sauran gwaje-gwaje. Labarin yaran kusan iri ɗaya ne. An ƙara jini sau uku ko huɗu cikin shekara guda, an gwada sikila an tarar AA ne, an sha maganin zazzaɓin cizon sauro da na tsutsar ciki har an gaji, jinin dai ya ƙi zama. Wani babban yatsansa na hannu ɗan mitsitsi ne, wani sa'anninsa duk sun fi shi tsawo, wani fatarsa da tabo-tabo masu duhu. In aka zauna da iyaye, sau da yawa sai a ji auren zumunci ne, kuma an taɓa binne wani ɗa da irin wannan ciwo.

Da wannan 'yar ragowa nake rainon ƙwayoyin da littattafai ke kira sitiroma, mu kuma a ɗakin gwajinmu nan Zariya muke ce musu ƙwayoyin shimfiɗa. Ɗalibai sun sha tambayata yadda ake yi, sai na ga gara in rubuta shi gaba ɗaya, har da wuraren da na yi tuntuɓe.

Iri da ƙasa

Duk wanda ya tashi kusa da Samaru ya san cewa ko irin masara na SAMMAZ ka sayo daga cibiyar binciken aikin gona, in ka shuka ta a fako ba abin da za ka girbe. Haka cikin ƙashi yake. Uwayen ƙwayoyin jini su ne irin, su ke haifar da jajayen ƙwayoyi kusan miliyan 2 a kowace daƙiƙa a jikin babban mutum, ban da farare da masu tsayar da zubar jini. Ƙwayoyin shimfiɗa kuma su ne ƙasar. Su ba sa zama jini. Suna fitar da wani sinadari mai suna CXCL12 wanda yake riƙe uwayen kamar turke don kada su bar ɓargo, da wani mai suna SCF wanda yake rayar da su, kuma daga cikinsu ƙwayoyin gina ƙashi da na kitsen ɓargo suke fitowa. Alexander Friedenstein ne a Mosko ya nuna a 1970 cewa in aka zuba ɓargon ɓeran Masar a kwalba, wasu ƙwayoyi ƙalilan suna manne wa gindinta su yi garke-garke. Wannan mannewar ita ce har yau muke dogara da ita wajen ware su.

Akwai wani labarin ɓeraye da nake fara ba kowane ɗalibi. A 1965 McCulloch da Till da abokan aikinsu a Toronto suka duba wasu ɓeraye da ake kira Steel, waɗanda ake haifa da ƙarancin jini. Aka dasa musu lafiyayyen ɓargo, ba su warke ba. Aka ɗauki nasu ɓargon aka dasa wa wasu ɓerayen, sai ga shi yana yin jini lafiya lau. Ashe irin ba shi da laifi, ƙasar ce ta gaza. Sai a 1990 aka gano cewa SCF ne shimfiɗarsu ba ta iya samarwa yadda ya kamata.

A cututtukan gazawar ɓargo na gado, aibin yana cikin kowace ƙwayar jikin yaro tun daga ciki, saboda haka shimfiɗa ma tana ɗauke da shi. Ciwon Fanconi, wanda likitan yara ɗan ƙasar Suwizalan Guido Fanconi ya bayyana a 1927, rashin iya gyara karayar DNA ne, kuma ƙwayoyin gado fiye da 20 ke iya jawo shi, FANCA ce kan gaba. Na Diamond-Blackfan, wanda aka bayyana a 1938, jajayen ƙwayoyi kaɗai yake taɓawa, galibi tun yaro bai shekara ba. Na Shwachman-Diamond, 1964, yana zuwa da ƙarancin fararen ƙwayoyi da zawo mai maiƙo da matsalar ƙashi, kuma kusan 9 cikin 10 na masu shi aibin yana ƙwayar gadon SBDS. Sai diskeratosis, mai lalata farce da fata da kawo farin tabo a baki, inda bakin zaren gado, wato telomiya, yake gajarcewa tun lokaci bai yi ba.

A kan Shwachman-Diamond ne hujjar ta fi ƙarfi. Dror da Freedman a Toronto sun nuna a 1999 cewa shimfiɗar masu wannan ciwo ba ta iya ɗaukar nauyin lafiyayyun uwayen jini kamar yadda lafiyayyar shimfiɗa take yi. A 2010 Raaijmakers da abokan aikinsa a Boston suka cire ƙwayar gadon Sbds daga ƙwayoyin da ke zama ƙashi kawai a jikin ɓera, ba su taɓa uwayen jini ba, amma jinin ya lalace. A 2016 kuma a Rotterdam aka nuna cewa irin wannan shimfiɗa tana fitar da sinadaran kumburi S100A8 da S100A9, waɗanda suke illata DNA ɗin uwayen da ke zaune a kanta. Duk da haka ina so ka riƙe wani abu. Bayan dashen ɓargo, shimfiɗa ta mai ciwon ce take zama, ba ta wanda ya bayar ba, an san wannan tun 1987. Kuma dashen yana gyara jinin yawancin yaran Fanconi, tun daga yaron da Eliane Gluckman ta dasa wa jinin cibiyar ƙanwarsa a Paris a 1988. Ke nan ƙasar ta raunana, amma ba ta zama fako gaba ɗaya ba. Abin da za ka auna a kwalba shi ne yawan raunin, kuma rauni kaɗan yana da sauƙin ɓacewa a cikin kurakuran ɗakin gwaji. Kusan duk abin da zan faɗa daga nan a kan wannan yake.

Kafin ɓargo ya iso

Ba a huda ƙashin yaro don bincikenka kawai, balle yaron da ƙwayoyin tsayar da jininsa suka yi ƙasa. Ragowar abin da likita ya zuƙo don gano ciwo kake karɓa, da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, da izinin iyaye bayan an yi musu bayani da Hausa. Ni da kaina nake zama da su. Nakan ce wa uban, "Malam, wannan aikin ba zai warkar da ɗanka ba, kuma in ka ƙi ba abin da zai ragu a kulawar da ake ba shi." In yaron ya kai ya fahimta, shi ma a tambaye shi.

Sai ka nemi abin kwatance, wato ɓargon lafiyayye. In ba ka da shi, kada ka fara. Ya zama sa'an yaron ko kusa da haka, domin ɓargon dattijo garke kaɗan yake bayarwa, in ka kwatanta da shi sai mara lafiyan ya fito kamar ba abin da ke damunsa. Ragowar ɓargo daga tiyatar ƙashi ta yaron da ya karye ita ce ta fi samuwa, ita ma da izini. Ɗan'uwan mai ciwon bai dace ba sai an gwada shi, tunda yana iya ɗauke da abin bai bayyana ba tukuna.

Siram, wato ruwan jinin ɗan tayin saniya da ake haɗa ruwan raino da shi, sayi na tukunya ɗaya wanda zai ishe ka har ƙarshen aiki, ka rarraba shi ƙananan kwalabe ka daskarar. Siram na tukunya daban yana iya canza saurin girman ƙwayoyi fiye da yadda ciwon kansa zai canza. In kaya suka iso daga Legas ka tarar ƙanƙarar ta narke kwalbar da ɗumi, kada ka sa shi a aikin kwatance.

Wuta kuma ita ce babbar magana. Na'urar ɗumi tana buƙatar digiri 37 da iskar CO2 kashi 5 cikin 100, dare da rana, makonni a jere. Sa ta a kan inbata da sola, janareta ya zama na ko-ta-kwana. Abin da sababbi ba su sani ba shi ne yawancin waɗannan na'urori ɗumamawa kawai suke yi, ba sa sanyayawa. A watan Afrilu a Zariya, ɗaki mai rufin kwano in babu na'urar sanyaya ɗaki yana iya wuce 37 da azahar, na'urar ta bi shi sama. Ƙwayoyi sun fi jure ɗan sanyi a kan zafi. Wata bazara haka ta faru da ni a ƙarshen mako. Ranar Litinin na buɗe kwalbar wani yaro na ga ƙwayoyin sun tattare suna yawo a ruwa, har na ɗauki biro zan rubuta cewa shimfiɗarsa ta kasa girma. Da na ɗauko kwalbar lafiyayyen da ke gefenta, sai na tarar ita ma ta mutu. Ba don ita ba, da na ɗora wa yaron laifin zafin rana, kuma da wannan ƙarya ta shiga rahoto. Tun ranar nake ajiye ma'aunin zafi mai nuna ƙololuwar da aka kai a cikin na'urar, ina rubuta shi safe da yamma.

Kowane yanayi da nasa. Da hunturu kaskon ruwan da ke ƙasan na'urar yana ƙafewa da sauri, ƙura kuma tana shigowa ta ko'ina, don haka a rufe tagogi, a goge komai da sifirit mai kashi 70 kafin ya shiga akwatin aiki. Da damina fumfuna ce abokiyar gaba.

Ranar da aka zuƙo

Roƙi likita ya ba ka daga zuƙar farko, a sirinji mai hefarin, maganin da ke hana jini daskarewa. Mililita ɗaya ko biyun farko su ne ainihin ɓargo, abin da ya biyo baya jini ne ke tsinka shi. Ka fara aiki cikin 'yan sa'o'i, kada ka sa shi a firji.

Hanyar littafi ita ce ka tsinka shi da ruwan gishirin PBS daidai wa daida, ka kwantar da shi sannu a hankali a kan Ficoll mai nauyin 1.077, wani ruwa da ke raba ƙwayoyi gwargwadon nauyinsu, ka juya a injin juyi a ƙarfin 400 g na minti 30 ba tare da birki ba, sannan ka tsotse farin zoben da ya fito a tsakiya ka wanke sau biyu. Wannan yana da kyau ga ɓargo mai yawa. Amma ɓargon waɗannan yara dama a kwashe yake, kuma Ficoll yana cinye wani kaso. In abin da na samu bai kai mililita 2 ba, kai tsaye nake zuba shi cikin ruwan raino, jajayen ƙwayoyin za su tafi wajen canjin ruwa. Sharaɗin shi ne hanyar da ka bi da na mai ciwo, ita za ka bi da na lafiyayye.

Ƙirga ƙwayoyi masu cibiya, wato nukiliyas, a gilashin ƙirga na Neubauer kafin ka zuba. Ruwan rainon DMEM ne mai ƙarancin sukari ko alfa-MEM, da siram kashi 10 cikin 100, da fenisilin da sitireftomaisin. A ƙaramar kwalba mai faɗin santimita murabba'i 25 nakan zuba kamar ƙwayoyi miliyan 4 cikin mililita 5 na ruwa. In akwai saura, sai in ware dubu 500 a wata kwalbar daban don ƙirga garke. Kada ka yi mamakin yawan nan, domin ƙwayar shimfiɗa mai iya kafa garke ɗaya ce tak cikin dubu 10 zuwa dubu 100.

Rubuta lamba a kwalba, kada ka rubuta sunan yaro.

Jira

Kwana biyu ko uku kada ka taɓa. Ɗalibai sukan ɗauko kwalba kowace sa'a su girgiza su leƙa, ƙwayar da ke ƙoƙarin kama ƙasa kuwa ba ta son haka. Bayan nan ka zubar da ruwan da duk abin da ke yawo a cikinsa, ka ɗauraye a hankali, ka sa sabo. Daga nan canjin ruwa sau biyu a mako.

Wajen kwana 5 zuwa 7 za ka fara ganinsu a madubin likita, sirara masu tsini biyu kamar mazari, ɗaya nan biyu can. Zuwa kwana 10 ko 14 sun zama garke-garke. Na yaro mara lafiya suna iya jinkiri, na taɓa jiran wasu har mako uku, don haka kada ka yi saurin zubar da kwalba. Ka riƙa duba launin ruwan. Jan da ke cikinsa ma'aunin tsami ne. In ya koma rawaya kuma ya gurɓace cikin dare ɗaya, ƙwayoyin cuta sun shiga, fitar da kwalbar tun ba ta shafi sauran ba. In ya koma shunayya, tukunyar gas ta ƙare ko murfin a ɗaure yake tam.

Kwalbar ƙirga kuma, ranar 14 ka zubar da ruwanta, ka kafe ƙwayoyin da metanol, ka rina da Giemsa, wanda kowane ɗakin gwajin zazzaɓin cizon sauro yake da shi. Garken da ya kai ƙwayoyi 50 shi ake ƙirgawa. A nan akwai tarko. Ɓargon da uwayen jininsa suka ƙare, shimfiɗa ce ta rage a cikinsa, sai ka ga garke da yawa a kowane miliyan ɗaya, ka zaci ƙasar ta fi ta lafiyayye kyau. In kuma jini ya tsinka zuƙar, sai ka ga kaɗan ka zaci ta mutu. Saboda haka nake rubuta adadin ta fuska biyu, a kowane miliyan na ƙwayoyi da kuma a kowace mililita ta ɓargo, kuma ba na yanke hukunci da wannan ƙirga ita kaɗai.

Dashe da lissafi

In ƙwayoyi suka rufe kashi 80 cikin 100 na gindin kwalba, lokacin dashe ya yi, wato mayar da su sabuwar kwalba. Ɗauraye da PBS, zuba tiripsin, sinadarin da ke ɓamɓare su daga gindin kwalba, minti 3 zuwa 5 a na'urar ɗumi, ɗan bubbuga gefen kwalbar, sannan ka kashe tiripsin ɗin da ruwa mai siram. Waɗanda suka ƙi tashi bar su, yawancinsu fararen ƙwayoyi ne masu cin datti, ba su kake nema ba. Ƙirga, sannan ka dasa dubu 100 a sabuwar kwalba.

Littafin rubutunka a nan ya fi madubin muhimmanci. Kowane dashe ka rubuta nawa ka zuba, nawa ka kwashe, kwana nawa aka yi. Dubu 100 ta zama dubu 800, ninki uku ke nan, wato 200, 400, 800. In na lafiyayye ya yi ninki ukun cikin kwana 6, na mai ciwo ya ɗauki 11, kuma haka ya maimaitu a dashe na biyu da na uku da na huɗu, to ka fara ganin wani abu. Kullum dashe mai lamba ɗaya ake kwatantawa, na uku da na uku. Kowace ƙwayar shimfiɗa tana tsufa a kwalba, ko ta wane ne, tambayar ita ce wa ya riga tsufa.

Tsohuwar ƙwaya ba ta ɓuya. Ta bar siffar mazari ta baje kamar gurasa, da zare-zare a cikinta, ta daina rabuwa. Rinin gano tsufa na beta-gal a tsamin 6.0 yana mai da ita shuɗiya, amma a ɗumama farantin a 37 inda babu CO2, don gas ɗin yana canza tsamin. Farantin da ya cika maƙil ma yana ba da shuɗin ƙarya. A diskeratosis, inda telomiya take a gajarce tun farko, tsufa da wuri shi ne abin da za ka sa wa ido. A Fanconi kuma ka tuna cewa iskar oksijin da ke ɗaki kashi 21 ce cikin 100, ta cikin ɓargo kuwa ba ta kai rabin haka ba, kuma ƙwayoyin Fanconi ba sa jure yawanta. Wani ɓangare na raunin da kake gani kwalbarka ce ta ƙara shi. Rubuta hakan a rahoto.

Game da tabbatar da cewa su ɗin ne, ƙa'idar da ISCT, ƙungiyar duniya ta masu magani da ƙwayoyin jiki, ta fitar a 2006 ta ce su manne wa roba, aƙalla kashi 95 su nuna alamomin CD73 da CD90 da CD105 a jikinsu, kada fiye da kashi 2 su nuna alamomin jini irin CD45 da CD34, kuma su iya zama ƙashi da kitse da guringuntsi. Na ƙashi da na kitse kowanne kamar mako uku yake ɗauka, a rina na farko da Alizarin, na biyu da Oil Red O. In ba ka samu na'urar tantance alamomin ba, rubuta "ƙwayoyin ɓargo masu mannewa" ka tsaya a nan, kada ka ba su sunan da ba ka gwada ba.

Gwajin da ya fi kowanne

Duk abin da ya gabata siffar ƙasa ce. Aikinta sai an shuka. Ka shimfiɗa na mai ciwo a wasu ramukan faranti, na lafiyayye a wasu, dashe ɗaya, adadi ɗaya, ka bari su rufe gindi. Sannan ka zuba iri ɗaya a kan duka biyun, wato uwayen jini masu alamar CD34 daga mutum guda lafiyayye. Jinin cibiya daga ɗakin haihuwa, da izinin mai jego, shi ya fi sauƙi, ana ware su da ƙwayoyin maganaɗisu. Ka bar wasu ramukan babu shimfiɗa ko kaɗan, don ka san abin da irin zai yi shi kaɗai. Wannan tsari jikan wanda Michael Dexter ya kafa ne a Manchesta a 1977, shekara guda kafin Ray Schofield, a garin dai, ya kawo ra'ayin cewa uwar jini tana da gurbin da in ta bar shi ta daina zama uwa.

Kurakurai biyu nake gani a nan. Na farko, a cika ruwan da sinadaran girma da aka sayo, SCF da 'yan'uwansa. In ka yi haka ka zuba taki a gonakin biyu har ya yi yawa, kowacce za ta yi kyau, bambancin da kake nema ya nutse. Bar shimfiɗar ta ciyar da kanta.

Na biyu ya fi muni. Littattafai suna cewa a tsayar da girman shimfiɗa da maitomaisin C kafin a zuba iri. Wata ɗaliba ta taɓa zuwa min da kwalbarsa a hannu, ta ce, "Malama, na ga an ce a sa wannan tukuna." Na ce, "'Yata, da me ake gano Fanconi?" Ta yi shiru, can ta ce, "Da DEB, ko da..." sai ta ajiye kwalbar. Maitomaisin, kamar DEB ɗin, shi ne gubar da ake zuba wa ƙwayoyin yaro a ga ko zaren gadonsu zai kakkarye. In ka sa shi a shimfiɗar Fanconi, kai ka kashe ta da hannunka, sannan ka rubuta cewa ta gaza. Haskawa da radiyeshin ma ba ta kuɓuta daga wannan zargi ba. Ni nakan bar shimfiɗar ta cika ta tsaya don kanta, in gajarta kwanakin gwajin.

Kowane mako ka kwashe rabin ruwan a hankali, ka ƙirga abin da ke ciki, ka mayar da sabo. Duba ƙarƙashin shimfiɗar, inda uwayen suke kutsawa su taru dab da dab kamar daɓen tsakuwa. A ƙarshe ka kwashe komai ka shuka a ruwan raino mai kauri da ake kira metilselulos, bayan kwana 14 ka ƙirga garken jajaye da na farare. Wannan adadin shi ne amsar tambayarka. Yi kowane gwaji a ramuka uku aƙalla, amma ka sani ramuka uku na yaro ɗaya yaro ɗaya ne. Kuma kada ka haɗa Fanconi da Diamond-Blackfan da Shwachman-Diamond a kwando ɗaya don adadinka ya yi yawa, hanyoyinsu daban-daban ne.

Abin da kwalba ba za ta faɗa wa iyaye ba

Rainon shimfiɗa ba ya gano ciwo. Fanconi da gwajin karayar zaren gado ake gane shi, diskeratosis da awon telomiya, sauran da gwajin ƙwayoyin gado, kuma likitan jini ne mai wannan magana. Inda shimfiɗa take taimaka wa ganowa shi ne wajen DNA. A wasu masu Fanconi wani kaso na ƙwayoyin jini yana gyara kansa, sai gwajin jini ya fito da ruɗani, haka nan bayan dashen ɓargo jinin na wani ne. Shimfiɗa kuwa tana nan da aibin asali, kamar ƙwayoyin fata.

Iyaye za su tambaye ka, tunda kai ka zauna da su. Wani uba ya same ni a baranda bayan wata guda, ya ce, "Malama, abin nan na jikinsa yana nan da rai?" Na ce yana nan. Ya ce ko za a iya mayar masa da shi in ya yi ƙarfi. Na ce a'a, ba a kai nan ba, kuma ba don haka aka ɗauka ba. Abubuwa biyu kawai nake maimaita musu daga maganar likita, don na ga suna sulluɓewa a hanya. Kada a saya wa yaron maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe a kemis, domin kowace leda ta jini da aka ƙara masa tana barin ƙarfe kamar miligiram 200 a jikinsa, jikin kuma ba shi da hanyar fitar da shi. Sannan in ana tunanin dashen ɓargo nan gaba, kada 'yan'uwan jini su ba shi jininsu. Wannan yana yi wa mutanenmu nauyi, don a al'adarmu ɗan'uwa ne yake fara miƙa hannu, amma jinin ɗan'uwa yana iya sa jikin yaron ya ƙi ɓargon da za a dasa masa daga gidan. An fara dashen ɓargo a Nijeriya a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, a kan mai sikila, don haka maganar ba ta nesa ba ce kamar da.

Tun a dashe na biyu ka ware wasu ka adana, kada ka jira sai ka gama gwaje-gwaje, domin na mai ciwo suna iya tsufa su tsaya a hannunka, kuma ba za ka koma ƙugun yaron ba. Ƙwayoyi dubu 500 zuwa miliyan ɗaya a kowace 'yar kwalba, cikin siram mai kashi 10 na DMSO, sinadarin da ke kare su daga illar ƙanƙara. Su sanyaya sannu, kamar digiri ɗaya a minti, su kwana a firiza mai 80 ƙasa da sifili, washegari a kai su tukunyar ruwan naitirojin mai 196 ƙasa da sifili, irin wadda masu adana maniyyin shanu suke amfani da ita. Rubuta lamba da ranar da lambar dashe da alƙalamin da sifirit ba ya gogewa. Bayan mako guda ka narkar da kwalba ɗaya ka shuka, ka tabbatar sun tashi. Tukunyar kuma a riƙa auna zurfin ruwanta da sanda kowace Litinin, in da halin yi a raba kwalaben kowane yaro gida biyu, rabi a wata tukunyar a wani gini daban.